Baba Muhandis da Amanar Gyara

Gadarif gari ne na hatsi, kuma gari ne na ƙishirwa. Duk wanda aka binne cibiyarsa a nan ya tashi da sanin waɗannan biyun tun kafin ya bambance dama da hagu. Da kaka, manyan motoci kan yi jerin gwano zuwa kasuwar amfanin gona ɗauke da dawa da riɗi, ga kuma babban rumbun siminti mai cin tan 100,000, wanda Tarayyar Sobiyat ta gina a shekarun 1960, yana tsaye ana hango shi daga nesa. Da bazara kuwa, a wannan gari mai rumbu ne za ka ga yaro yana bin karo, amalanken jaki mai ganga, yana roƙon a sayar wa gidansu ruwan girki. A tsakanin wannan yalwa da wannan rashi dattijonmu ya yi rayuwarsa ta shekaru tamanin da ɗoriya, yana injiniyan ruwa, har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

An tashi daga zaman makoki, baƙi sun koma, an naɗe tabarmi. Mu da muka tashi a gabansa, 'ya'yan cikinsa da na 'yan uwansa da na maƙwabta, muka ga bai kamata a naɗe labarinsa tare da tabarmin ba. Idan malami ya rasu, almajiransa kan rubuta tarihinsa. Idan attajiri ya rasu, gine-ginensa kan riƙa ambatonsa. Amma mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da sifana a hannu, cikin ɗakin inji, ba kasafai ake samun mai ɗaukar alƙalami dominsa ba, alhali kowa ya sha daga guminsa. Za mu kira shi da sunan da muka saba, Baba Muhandis, domin mutum ne da ba ya son a ɗaga sunansa, kuma mun san da yana raye da ya ce mu bar wannan rubutu mu je mu duba famfon masallaci.

Asalinsa irin na da yawa daga cikinmu ne. Kakansa yana cikin waɗanda suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin kogin Nil Azrak, aka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Niyyar kakan ita ce Makka, amma ajali ya riske shi bai ga teku ba. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Gadarif daga Kasala a 1928, ta kuma haɗe da Sinnar a 1929, sai mahaifin Baba ya biyo ta neman abinci, ya yada zango a nan, ya gina ɗakinsa na ciyawa irin na garin. An haifi Baba a daidai shekarun da aka soma noman inji a Gadambaliya, tsakiyar shekarun 1940. Tarakta tana iya kaftu da shuka, amma ba ta iya cire ciyawa, ba ta kuma iya yankan riɗi, wanda in ya nuna aka yi jinkirin 'yan kwanaki sai ya fashe ya zube a ƙasa. Hannun mutum ake bukata, kuma hannayen iyayenmu suna cikin waɗanda suka ɗauki wannan nauyi. A gona Baba ya fara ganin inji, a can kuma ya fara tambayar abin da ke juya shi.

Mahaifinsa bai yarda ya shiga makarantar gwamnati ba sai da ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo, kuma ya gindaya masa sharaɗi ɗaya: ranar da karatun zamani ya hana shi sallar asuba a cikin jam'i, ranar zai dawo gona. Da wannan sharaɗi ya yi karatu har ya kai Kwalejin Fasaha ta Khartum, wadda aka kafa a 1950, wadda daga baya ta zama Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan a 1990. Samarin yau ba za su gane girman wannan tafiya ba sai sun san abin da ke gaban Bahaushe a lokacin. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko iyayensa ta wajen uba suna zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Duk wanda kakansa ya zo bayan Burmi, layin ya tsallake shi da 'yan shekaru kaɗan. Baba ya yi ta safa da marwa da dattawan unguwa a matsayin shaidu kafin ya sami takardar da za ta ba shi damar aikin gwamnati. Ba mu taɓa jin ya ba da wannan labari da ɗaci ba. Abin da yakan ce kawai shi ne, takarda tana nuna inda aka rubuta sunanka, amma aikin hannunka ne ke nuna inda kake zaune.

Aikin ruwa a Gadarif ba wasa ba ne, kuma shi ya fara fahimtar da mu dalili. Garin yana zaune ne a kan baƙin dutse, ruwan ƙarƙashin ƙasa kaɗan ne, samansa kuma baƙar laka ce mai kumbura da damina, mai dararrashewa da rani har ƙafar yaro ta iya shigewa cikin tsagarta. Wannan numfashi da ƙasar ke yi shi ke karya bututu, shi ke tsaga bango. Don haka ake janyo ruwan gari daga Shuwak, a bakin kogin Atbara, tafiyar kimanin kilomita 70. Shi ma kogin da nasa hali: idan ya cika da damina yakan gangaro daga tsaunukan Habasha ɗauke da taɓo mai yawa, wanda ke cinye farfelar famfo kamar yadda dutsen niƙa ke cin kansa. A ƙauyuka kuwa dogaro yana kan hafir, wato babban rami da ake haƙawa a ƙasa mai yumɓu, a tara ƙasar da aka fitar ta zama ganuwa, a buɗe masa mashiga daga ƙorama domin ya cika da damina ya shayar da mutane da dabbobi har rani ya fita. Baba ya bayyana mana cewa a gaban mashigar ana yin ƙaramin rami inda ruwa zai ɗan tsaya laka ta kwanta kafin ya wuce, kuma rana tana shan ruwa ne ta fuskarsa, saboda haka zurfin hafir ya fi faɗinsa amfani.

Daga wannan aiki ya ciro darasin da ya rayu a kansa, wanda kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Yakan ce bai taɓa ganin hafir ɗin da ya mutu rana ɗaya ba. Kowace damina tana barin ɗan taɓo a gindinsa, kauri kamar tafin hannu, ba wanda ke gani domin yana ƙarƙashin ruwa. Idan ba a yashe shi da rani ba, shekara ta bi shekara, sai wata bazara ta zo a iske ya ƙafe wata biyu kafin ruwan sama, mutane su yi ta salati suna cewa ƙaddara ce. Haka injin Lister da ke ɗaga ruwa a ƙauye: ba ya tsayawa sai an daɗe da daina canza masa mai. Kowa yana son ranar buɗe sabon aiki, a yanka rago, a yi jawabi. Ba mai son ranar gyara, domin gyara ba shi da biki, kuma in an yi shi da kyau ba abin da zai faru da za a gani. Baba ya zaɓi ya zama mutumin ranar gyara. Yana da littafi mai baƙin bango da ba ya rabuwa da shi, inda yake rubuta ranar da aka canza man kowane inji, da ranar da aka auna zurfin kowane hafir.

Abokan aikinsa da suka zo ta'aziyya sun ba mu labarin wani ɗan kwangila da aka ba yasar wani hafir. Mutumin ya share gefe-gefe ya bar tsakiya, ya zo da takarda a sa masa hannu, ya kuma zo da abin da ake zuwa da shi a irin wannan rana. Ya ce, "Bashmuhandis, ruwa zai rufe, wa zai shiga ya auna?" Baba ya naɗe ƙafar wandonsa, ya ɗauki sandar awo, ya gangara tsakiyar ramin da kansa. Da ya fito sai ya ce masa, "Ɗan uwa, ni zan iya sa hannu, amma ƙishirwar watan Afrilu ba ta karanta takarda." Bai sa hannu ba sai da aka kammala aikin. Wannan taurin kai ya jawo masa jinkirin ƙarin girma ba sau ɗaya ba. Amma da farin 1984 da 1985 ya zo, dabbobi suka yi ta faɗuwa a kan hanya, mutanen wancan ƙauye sun gane bambancin zurfin da aka rubuta da zurfin da aka haƙa.

Wanda bai san shi ba zai ɗauka Baba mutum biyu ne, injiniya da rana, mai ibada da dare. Mu da muka zauna da shi mun san hali ɗaya ne. Yakan tuna mana cewa a littattafan fiƙihun da ake karantar da mu, da an gama aƙida babin tsarki ake shiga, shi kuwa babin tsarki da ruwa yake farawa: wanne ne mai tsarki, wanne ne ya gurɓace, me ya canza masa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi. A wurinsa, wanda ya tsare tsabtar ruwan gari ya taimaki sallar duk wanda ya yi alwala da shi. Kuma yadda yake kula da inji haka yake kula da zuciyarsa. Ba shi da yawan nafilfili na a gani, amma abin da ya ɗaukar wa kansa ba ya fashi: izu biyu kullum bayan asuba, azumin Litinin da Alhamis har sai da likita ya hana shi, da karatu a gaban wani malamin zaure wanda ya girme shi da kaɗan, yana durƙushe kamar ƙaramin almajiri duk da furfurarsa. Da ya sami hali ya sauke farali, bayan wasu shekaru kuma ya sake komawa ya yi wa kakansa, wanda ya baro ƙasar Hausa domin wannan tafiya bai cika ta ba. Ya dawo yana cewa yanzu ayarin gidansu ya isa.

A gida ma littafin nan yana aiki, ko da ba a rubuce ba. Kowace Juma'a bayan an sauko, Baba yana da gidajen da zai taka, kuma yana bin su bi da bi yadda ba wanda zai yi wata biyu bai gan shi ba. Zumunci a ƙafa yake, in ji masu iya magana, shi kuwa ya ɗauki maganar a zahirinta. Ba ya jira a kawo masa ƙarar aure. Idan ya shiga gida ya ji gaisuwar matar gida ta yi sanyi, ko ya ga maigida yana cin abinci a waje kwana biyu, sai ya kira shi gefe ya ce, "Ɗana, zo mu zauna, na ga ɗigo." Ɗigo shi ne kalmarsa ga duk wata ɓaraka da ba ta riga ta zama tsaga ba, kuma ya san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hajiya, wadda suka yi sama da shekara hamsin tare, ba mu taɓa jin ta ambaci sunansa ba, Malam take cewa, shi kuma bai taɓa yanke wata shawara ta gida ba tare da ya ce bari a ji ta bakin Hajiya ba. 'Ya'yansa mata sun yi karatu daidai da maza, a zamanin da wasu ke ganin hakan ɓata kuɗi ne.

Ba za mu ce zama da shi yana da sauƙi ba. Mutum ne mai tsare lokaci har abin ya gundure ka, kuma in ya ba ka aron sifana sai ka dawo da ita a goge. 'Ya'yansa sun sha ganin na abokan aikinsa a cikin motoci su kuwa suna tafiya a ƙasa, kuma ya yi ritaya ba shi da komai sai gidan da yake ciki da ɗan fansho da hauhawar farashi ta cinye. Akwai kuma dokarsa ta faranti: idan an zauna cin tuwon dare, Hausa za a yi. Jikokinsa da bakinsu ya fi faɗawa ga Larabci sukan yi shiru su ci abinci da sauri. Shi bai ƙi Larabci ba, da shi ya yi karatu, da shi ya yi aiki, kuma harshen Alƙur'ani ne. Abin da yake gani shi ne harshe ma hafir ne. Kowace kalma da aka bari ta faɗi tana kwanciya a gindi ba a sani ba, har ranar da jika zai zauna a gaban kakarsa su rasa abin da za su ce wa juna.

Shekarunsa na ƙarshe su ne mafiya nauyi ga ƙasar nan. A Nuwamba 2020 'yan gudun hijira daga Tigray suka kwararo jiharmu, aka sake buɗe sansanin Um Rakuba. A Yuli 2022 aka zubar da jini a jihar Nil Azrak, 'yan uwanmu da dama suka rasa rayuka da gidaje, Hausawa suka fito kan tituna a garuruwa da yawa har da namu. Samarin unguwa sun zo wurinsa zukatansu na tafasa. Bai ce musu kada su yi kuka ba, bai ce kada su fita su faɗi gaskiyarsu ba. Ya ce, "'Ya'yana, ku fita, ku yi magana a ji ku. Amma kada hannunku ya taɓa kayan kowa. Bututun da ya kawo ruwa gidanmu shi ya wuce gidan maƙwabci, in ka fasa shi a can, nan ma ya yanke." Sai ga yaƙin 15 ga Afrilu 2023. Da Madani ta faɗi a Disamba na wannan shekara, da kuma abin da ya sami Sinja a tsakiyar 2024, Gadarif ta cika maƙil da waɗanda suka baro gidajensu. Gidan Baba ya koma zango. Dangin da ya yi shekaru yana aika wa gaisuwa da ɗan abin hannu ba su yi ɗar ba wajen ƙwanƙwasa ƙofarsa, domin hanyar ba ta taɓa toshewa ba.

A wannan lokaci ne muka ga injiniyan ya dawo aiki yana dogara sanda. An bayyana ɓarkewar kwalara a jihar Gadarif a Satumba 2023, ga mutane sun yi yawa, ga ruwa ya yi tsada. Baba ya sa aka ware gangar sha daban da ta wanki, ya hana kowa tsoma moɗa a ciki sai dai a tsiyaya, ya koya wa 'yan mata yadda ake sa ƙwayar kulorin da tsawon lokacin da ake jira kafin a sha. Ya ƙididdige kan mutanen gidan, ya raba ruwan yini gwargwadon bukata, ya fara da masu shayarwa da tsofaffi, ya sa kansa a ƙarshe. Daga gidansa abin ya bazu zuwa masallaci, daga masallaci zuwa makarantar da aka sauke baƙi. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ya biya shi, kuma a layin ruwan bai taɓa tambayar kowa ƙabilarsa ba.

Tun da aka buɗe madatsar Atbara ta Sama da Sitit a 2017, aka kuma ɗauko aikin janyo ruwa daga tafkinta zuwa gari, mutanen Gadarif ke ɗokin rabuwa da karo. Baba ya yi wa aikin addu'a ƙwarai, amma ya ce mana ko ranar da ruwan ya wadata, za a bukaci wanda zai tashi da sassafe ya duba bawul, ya saurari kukan inji, ya rubuta abin da ya ji. Rijiya tana iya bayarwa guga ya hana. Tambayar da ya bar mana ke nan, 'yan uwa masu karatu, kuma ba ta tsaya a kan famfo ba. Dattawan da suka san sunan garin da kakanninmu suka baro, da hanyar da suka biyo, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Yaƙi ya watsa danginmu, wasu a Kasala, wasu a Bur Sudan, wasu a Masar da Saudiyya. Yaranmu da yawa sun yi shekaru ba makaranta. Duk wannan taɓo ne da ke kwanciya, kuma ba za a ga illarsa yau ba.

Abin da muka ɗaukar wa kanmu, mu da muka sha tarbiyyarsa, kaɗan ne, domin shi ya koya mana cewa kaɗan mai ɗorewa ya fi yawa mai yankewa. Za mu raba gidajensa na Juma'a a tsakaninmu, kada a wayi gari wata tsohuwa tana duban ƙofa ba mai shigowa. Za mu zauna da dattawan da suka rage, da waya a hannu, mu naɗi labarinsu da bakinsu. Za mu tura yaran da ke da basira su koyi aikin hannu da aikin injiniya ba tare da sun ajiye allo ba, tunda mun ga da idonmu cewa ana haɗa biyun. Kuma a kan farantin dare, Hausa za a yi. Wanda ke da dattijo irin wannan a unguwarsa, ya je ya gaishe shi tun yana raye, ya tambaye shi abin da ya sani.

Allah ya gafarta wa Baba Muhandis, ya haskaka makwancinsa, ya shayar da shi daga tafkin Manzonsa kamar yadda ya shayar da bayinsa. Allah ya ba Hajiya da 'ya'ya da jikoki haƙurin rashinsa, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya zaunar da ƙasarmu Sudan lafiya. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.